Ferdinand Porsche: Mutumin da Ya Haɗa Fetur da Lantarki a Mota Guda

An haifi Ferdinand Porsche ranar 3 ga Satumba, 1875, a garin Maffersdorf da ke Jamhuriyar Cek ta yanzu. Mahaifinsa maƙerin kwano ne, ya so ɗan ya gaje shi, amma hankalin yaron yana kan lantarki. Tun yana matashi ya haɗa wa gidansu wuta. Yana shekara 18 ya tafi Biyana neman aiki, in an tashi sai ya saci jiki ya shiga jami'a sauraron darasi.

Daga baya ya koma kamfanin Lohner, masu ƙera keken doki. A 1900 suka nuna motarsa ta lantarki a baje kolin Faris. Ƙananan injinan lantarki ya dasa a cikin ƙafafun motar, don haka ba ta bukatar giya ko farfela. Matsalarta ita ce batir: ga nauyi, ga saurin ƙarewa. Sai ya rage batiran, ya ƙara injin fetur wanda aikinsa kawai juya janareto, janareton ya ba ƙafafu wuta. Wannan mota, Mixte, ta fito a 1901, amma tsada ta hana ta kasuwa. Sai a 1997 Toyota Prius ta sa motar fetur da lantarki ta zama ta jama'a.

Porsche ya kuma lura cewa iska tana cin ƙarfin mota. A gasar Yarima Heinrich ta 1910 ya tuƙa siririyar mota mai santsin jiki da ya zana, ya zo na ɗaya. A 1931 ya buɗe kamfaninsa a Stuttgart, inda aka zana Volkswagen Beetle mai ƙusumbi.

Sai dai tarihinsa yana da tabo. Gwamnatin Hitler ce ta ba shi aikin Beetle a 1934. Ya shiga jam'iyyar Nazi, ya ƙera tankokin yaƙi, kuma an sa dubban mutane aikin dole a masana'antar da yake shugabanta. Faransa ta kama shi a Disamba 1945, ta tsare shi fiye da shekara ɗaya da rabi.

Ya mutu a Stuttgart ranar 30 ga Janairu, 1951, yana da shekara 75. Har yau injiniyoyi suna nazarin dabarunsa, masana tarihi kuma suna bincikar wahalar waɗanda aka bautar a masana'antarsa.