Grace Hopper, Wadda Ta Yi Wa Kwamfuta Tafinta

An haifi Grace Hopper a birnin New York na ƙasar Amurka ran 9 ga Disamba, 1906. Tun tana ƙarama ta cika son sanin yadda abu yake aiki. Tana 'yar shekara 7 ta kwance agogon ƙararrawa don ta ga abin da yake motsi a ciki. Kafin uwarta ta farga ta kwance guda 7. Aka bar mata ɗaya, aka hana ta sauran.

Da ta girma sai ta dukufa kan lissafi, har ta sami digirin dakta a Jami'ar Yale a 1934, tana kuma koyarwa. Ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1943, ta shiga sojan ruwa. Shekara na kewayowa aka tura ta Jami'ar Harvard, wurin wata kwamfuta mai suna Mark I.

Kada ku zaci irin kwamfutar da kuke gani yanzu ce. Tsawonta ƙafa 51, tsayinta ƙafa 8, da wuya ajinku ya ɗauke ta. Ba ta jin magana. Sai an huda doguwar takarda, kowane jerin huji yana nufin umurni ɗaya, kana a zura mata. In an kuskure huji ɗaya, lissafi ya ɓaci.

Wanda ya taɓa zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga yadda ake ciniki tsakanin mutum biyu da ba su jin harshen juna. Sai a kira tafinta, ya ji daga wannan ya mayar wa wancan. To, irin wannan tafinta Grace Hopper ta yi niyyar yi wa kwamfuta. A 1949 ta koma wurin masu ƙera wata kwamfuta da ake kira UNIVAC. Nan ne, a 1952, ta tsara wani shiri mai karɓar gajeren umurnin da mutum ya rubuta, ya haɗa shi ya mai da shi lambobin da na'urar take ganewa.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ga malaman ofis da masu riƙe littafin kuɗi ba duka ne gwanayen lissafi ba, don haka ta nace a riƙa ba kwamfuta umurni da kalmomin Turanci. Mutane da yawa suka ga abin ba zai yiwu ba, amma ita da abokan aikinta suka fito da harshen FLOW-MATIC. A kansa aka dogara ƙwarai da aka zo tsara harshen COBOL a 1959, wanda har yau bankuna masu yawa suke aiki da shi.

Ba ta bar aikin soja gaba ɗaya ba sai 1986, tana da shekara 79, da muƙamin babbar hafsa. Ta rasu ran 1 ga Janairu, 1992, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington.