Abdulƙadir ɗan Tafa: Masanin tarihin da Faransawa suka ƙone garinsa da littattafansa

Duk mai bin tarihin sarakunan Gobir da yaƙe-yaƙensu da Kabi da Zamfara da Katsina, da wuya bai ci karo da sunan Abdulƙadir ɗan Tafa ba. Sai dai abin da ya iso gare mu na rubutunsa wani ɓangare ne kawai.

An haife shi a 1804, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu. Mahaifiyarsa Khadija 'yar Shehu ce, malama kuma. Mahaifinsa, Malam Mustafa, wanda ake kira Tafa, magatakardan Shehu ne. A hannun iyayensa ya fara karatu, sannan ya koyi sufanci wajen kawunsa Muhammadu Sambo.

Yana ɗan shekara 20 ko kusa da haka ya rubuta Raudatul Afkar, inda ya jero sarakunan ƙasar Hausa da tsawon mulkinsu kafin jihadi. Ya kuma rubuta tarihi a waƙe, ya yi rubuce-rubuce kan falsafa da sufanci.

A 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya gana da shi a Sakkwato, ya ƙaru da shi kan tarihin daular Songhai, ya kuma rubuta cewa an shaida masa shi ne a gaban dukkan malaman birnin na lokacin.

Ɗan Tafa ya ci gaba da karantarwa a makarantar gidansu da ke Salame, arewa da Sakkwato, har ya rasu a 1864.

Bayan shekara 30 da 'yan kai, rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi a 1899, ta ƙone Salame. Littattafai da dama suka salwanta. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda aka fitar, ko ɗalibai suka kwafa suka ajiye a wasu garuruwa.

Ko Raudatul Afkar ma sai da sunan mai shi ya so ɓacewa: da Baturen mulki H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1916, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya jingina wa littafin, kafin masu bincike su gyara kuskuren.

Har yau akwai tsofaffin takardu a gafakar malamai daga Gwandu zuwa Jega, gara da damina na ci. Wanda ya gaji irinsu, ɗaukar hotonsu da wayar hannu kaɗai na iya ceto su.