Paul Broca: likitan da ya gano mazaunin magana a cikin ƙwaƙwalwa

Jama'a, da yawa daga cikinmu mun san wani dattijo da ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya ɗaure. Yana kallonka, ya gane ka sarai, amma sunanka ya ƙi fitowa. Mutumin da ya fara nuna wa duniya dalilin haka shi ne Paul Broca.

An haife shi a 1824 a garin Sainte-Foy-la-Grande na ƙasar Faransa. Mahaifinsa likita ne, shi ma ya tafi Paris ya karanci aikin, ya zama gwanin tiyata.

A watan Afrilu na 1861, a asibitin Bicêtre, aka kawo masa wani maras lafiya mai suna Leborgne, ƙafarsa ta ruɓe. Shekara 21 ke nan yana asibitin. Duk abin da aka tambaye shi, tan tan kawai yake cewa, har aka laƙaba masa suna Tan. To amma fa yana fahimtar abin da ake faɗa masa, yana amsawa da hannu. Harshensa kuma lafiya lau yake motsi.

Bayan ƴan kwanaki Leborgne ya rasu. Broca ya duba ƙwaƙwalwarsa, sai ya tarar da wani wuri ya lalace ta gaba, ɓangaren hagu. Ya ci gaba da duba wasu masu irin wannan ciwo, a 1865 ya bayyana cewa ɓangaren hagu ne ke harhaɗa kalmomi kafin baki ya furta su. Shi ya sa sau da yawa wanda damansa ya shanye shi ne magana ke gagara, don hagun ƙwaƙwalwa ke juya daman jiki. Har yau likitoci na kiran wurin da sunansa.

Broca yana da nasa kuskuren. Ya yi ta auna ƙoƙon kan mutane yana neman fifita wani jinsi a kan wani, abin da kimiyya ta yi watsi da shi daga baya. Ya rasu a Paris a 1880, yana da shekara 56.

Saboda haka in maganar naka ta ɗauke farat ɗaya, kar a tsaya cewa iskoki ne ko sammu, a garzaya da shi asibiti. In ya dawo gida kuma, a riƙa yi masa magana a hankali, a jira shi ya nemo kalmar. Sau da yawa hankalinsa na nan, yana jin abin da ake faɗa a kansa.