Bio Guera, Dattijon Borgu Da Ya Ƙi Miƙa 'Ya'yan Mutane Ga Yaƙin Nasara

Duk wanda ya zauna a Parakou ya san dandalin Bio Guera. 'Yan acaɓa suna ambatonsa kullum wajen kwatance, 'yan kasuwa suna wucewa ta gabansa safe da yamma. Amma da za a tsayar da matasanmu na zango a tambaye su ko wane ne mai wannan suna, da abin da ya yi har aka girmama shi haka, kaɗan ne za su iya ba da amsa. Wannan ne ya sa a yau muka ɗauko tarihinsa, domin wanda bai san abin da magabata suka biya ba, ba zai san darajar abin da ya gada ba.

Asalinsa da ƙasarsa

An haifi Bio Guera a shekarar 1856 a garin Gbasi, cikin yankin Kalale na jihar Borgu ta Jamhuriyar Benin a yau. Sunan nan Bio yana nuna matsayinsa a ɗakin mahaifiyarsa. A al'adar Bargawa, ɗan fari namiji shi ne Woru, na biyu Sabi, na uku Bio, na huɗu Boni. Ya fito daga zuriyar Wasangari, wato gidajen sarautar Borgu, mahaya dawaki, waɗanda babban sarkinsu ke zaune a Nikki. Yaron da ya tashi a irin wannan gida, tun yana ƙarami ake koya masa hawa da riƙon mashi, ana kuma cusa masa cewa kunya ta fi mutuwa ciwo.

Borgu ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe. Ta cikinta hanyar fataken goro ta ratsa. Ayari zai taso daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu a bayan jakuna, ya haye Kwara, ya biyo ta Nikki ko Parakou, ya sauka a Djougou, wadda tsofaffin fatake ke kira Zugu, sannan ya miƙe zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, inda ake sayen goro. Madugu da jagaba su ne ke shiga gaba, su gai da sarakuna, su biya kuɗin hanya. Gaskiya kuma ba ta ɓuya: ba kullum ake rabuwa lafiya ba, domin akwai 'ya'yan sarakunan Borgu da ke tare ayari su ƙwace kaya. Duk da haka zama ya ɗore, an yi auratayya, an gina masallatai a unguwannin baƙi, har kakakin da ake busa wa sarkin Nikki ranar bikin Gani ya zama shaidar daɗewar wannan cuɗanya. A cikin wannan duniya ta dawaki da ayari Bio Guera ya girma.

Zuwan Nasara

Yana dab da shekara 40 ƙasar ta fara juyawa. A ƙarshen 1894 Kyaftin Lugga na Ingila da Kyaftin Decoeur na Faransa suka yi tsere zuwa Nikki, kowa yana son ya riga ɗan uwansa samun takardar yarjejeniya daga fada. Lugga, wanda daga baya ya zama gwamnan Arewacin Najeriya, shi ya riga isa. Amma takarda ba ta hana Faransawa dawowa da bindiga ba. A 1897 mayaƙan Borgu suka tare su, aka gwabza, Saka Yerima yana cikin manyan jagororin wannan turjiya, sai dai ƙarfin makami ya rinjaya, Nikki ta faɗa hannun Faransa.

A ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a Faris, suka raba Borgu gida biyu ba tare da an tambayi Babarge ko ɗaya ba. Nikki da Parakou suka koma ƙarƙashin Faransa, cikin mulkin Dahomey. Busa da Kaiama suka koma ƙarƙashin Ingila. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, aka wayi gari iyaka ta ratsa tsakaninsu.

Abin da ya biyo baya shi ne harajin kai, da aikin tilas na share hanya, da dakon kayan Bature a ka daga gari zuwa gari. Akwai kuma dokar da ta ba kwamandan Nasara ikon ɗaure mutum har kwana 15 ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Sarakunan da suka saba karɓar gaisuwa suka zama 'yan aike, aikinsu tara haraji da kawo ma'aikata. Wanda ya gaza a tuɓe shi. Bio Guera ya zauna cikin wannan hali shekara da shekaru, yana riƙe da sarautar ƙauyen Gbeku, wanda Faransawa ke rubutawa Bécou.

Harajin jini

A 1914 Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke. Faransa ta yi asarar samari masu ɗimbin yawa tun a watannin farko, sai ta juyo Afirka neman masu cike gurbi. A watan Oktoba 1915 aka fitar da doka ta ɗibar mutum 50,000 daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta. Kowane yanki aka yanka masa adadi, kwamanda ya raba wa sarakuna, sarki ya raba wa masu gari. Sunan rundunar sojojin Sanigal, ko da kuwa mutum bai taɓa jin sunan Sanigal ba.

Ku duba nauyin da aka ɗora wa mai gari. Shi ne zai shiga gidan da ya san uban, ya san uwar, ya nuna yaron da za a ɗaure da igiya a tafi da shi bakin teku. Waɗanda aka ɗiba a baya ba a ga dawowarsu ba, ba a kuma san ƙasar da aka kai su ba. Samari suka riƙa kwana a daji, wasu ƙauyuka suka tsallaka iyaka zuwa ɓangaren Ingila. Haraji na kuɗi an jure, aikin hanya an jure. Da aka zo kan 'ya'ya, tura ta kai bango.

Ba Borgu kaɗai ba ce. A 1915 mutanen Beledugu a ƙasar Mali ta yau sun tashi. Daga ƙarshen 1915 zuwa 1916 an yi babban yaƙi a yankin kogin Bani da Bolta. A ɓangaren Ingila ma, 'yan uwansu na Busa sun yi bore a 1915 a ƙarƙashin Sabukki, saboda tuɓe sarkinsu da aka yi.

Watanni huɗu na yaƙi

A watan Agusta 1916 wuta ta kama daga Gbeku. Bio Guera a lokacin yana da shekara 60, shekarun da dattijo ke neman inuwa da jikoki a gefe. Hanya mai sauƙi tana gabansa: ya miƙa adadin da aka nema, ya ci gaba da sarautarsa. Ya san kuma abin da bindigar Nasara ke yi, domin ya san yadda Nikki ta faɗi. Duk da haka ya ƙi, ya ɗaura sirdi.

Ƙauyuka suka amsa kiransa. Makamansu mashi ne da takobi da kibiya mai dafi, wadda Borgu ta yi suna a kanta tun da, sai ɗan abin da ba a rasa ba na bindigar toka. Suka datse hanyar da ta tashi daga Parakou ta nufi Kandi da bakin Kwara, suka tsinke wayar tangaraho, suka yi wa Bembereke ƙawanya, garin da ke kimanin kilomita 100 arewa da Parakou. Wannan hanya ita ce jijiyar mulkin Faransa tsakanin teku da ƙasar Nijar, don haka datse ta ba ƙaramin abu ba ne.

Faransawa suka tattaro runduna da manyan makamai suka nufo arewa. Abin baƙin ciki, yawancin masu riƙe da bindigogin nan baƙaƙe ne, 'ya'yan wasu iyayen da aka ɗibo daga wasu ƙauyukan ta irin hanyar da Bio Guera ke yaƙa. Aka karya ƙawanyar Bembereke, mayaƙan suka ja da baya. A ranar 17 ga Disamba 1916 aka kashe Bio Guera a Baura, kusa da Bembereke, aka sare kansa domin a tsorata sauran jama'a. A nan Baura kabarinsa yake har yau.

A cikin wannan wata na Disamba ne Kawusan ya yi wa barikin Faransawa ƙawanya a Agadas. A duwatsun Atakora kuma, arewa da Djougou, Kaba da mutanensa suka ci gaba da yaƙi har cikin 1917 kafin a murƙushe su.

Shin ya faɗi a banza?

Wanda ya duba da idon soja zai ce an ci shi da yaƙi, kuma ba a daina ɗibar samari ba. Amma jinin da aka zubar ya sa masu mulki sun tsaya sun yi lissafi. Babban gwamnan Faransa na Afirka ta Yamma, Van Vollenhoven, ya gargaɗi gwamnatinsa cewa ƙasar ba za ta ɗauki wata sabuwar ɗiba ba. Da aka ƙi saurarensa ya ajiye aiki a farkon 1918. Ɗibar da aka yi a wannan shekara, wadda Blaise Diagne ɗan Sanigal ya jagoranta, sai da aka haɗa ta da lallashi da alkawura: sassaucin haraji, kuɗin iyali, da lambobin girma ga sarakuna. Wanda a da ake ja da igiya, yanzu sai an roƙe shi.

Ga kuma wani abin lura. A shekarar nan ta 1916 da Bio Guera ya kwanta dama, aka haifi wani yaro a Parakou mai suna Hubert Maga. Shi ne ya zama shugaban ƙasa na farko ranar 1 ga Agusta 1960, lokacin da Dahomey ta samu 'yancin kai. Wanda ya shuka bishiya ba lalle ne ya sha inuwarta ba.

Yau sunan Bio Guera yana kan dandali a Parakou da kan barikin soja a Porto-Novo. A ranar 30 ga Yuli 2022 Shugaba Patrice Talon ya ƙaddamar da babban mutum-mutuminsa bisa doki a shataletalen filin jirgin sama na Kwatano, inda duk baƙon da ya sauka ƙasar zai fara cin karo da shi.

Waɗanda ba a gina wa komai ba

'Yan uwa, a nan ne tarihin ya dawo kanmu. Bio Guera bai tashi don a sa sunansa a kan titi ba. Ya tashi ne saboda samarin da ake kwashewa. To, su waɗannan samari fa? Sama da mutum 150,000 aka ɗiba daga Afirka ta Yamma ta Faransa a wancan yaƙi, kimanin 30,000 ba su dawo ba. Sun mutu cikin ramuka da sanyin da ba su taɓa sani ba, a wurare irin su Chemin des Dames a watan Afrilu 1917. A Yaƙin Duniya na Biyu aka sake ɗibar 'ya'yansu. Wasu da suka dawo suka nemi haƙƙinsu, aka buɗe musu wuta a barikin Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944. Waɗanda suka rayu kuma, dokar Faransa ta 1959 ta daskarar da fanshonsu, suka tsufa suna karɓar ɗan abin da bai kai na takwarorinsu Turawa ba, ba a gyara ba sai bayan shekara 2000, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Wanda ya ƙi tafiya ya mutu a Baura, da wanda aka tafi da shi ya mutu a Faransa, duka 'yan mazan jiya ne, kuma zalunci ɗaya ne ya ci su. Bai dace mu ɗaga ɗaya mu mance da ɗaya ba. A gidaje da yawa na Parakou da Djougou akwai tsohuwar lambar soja ko hoton kaka cikin kaki a ƙasan akwati, jikoki ba su ma san sunan ƙasar da ya je ba. Mu tambayi tsofaffinmu tun suna da rai, mu rubuta sunayen, mu karanta wa yara.

Kuma maganar ba ta tsaya a jiya ba. A watan Afrilu 2025 gwamnati ta tabbatar da mutuwar sojoji 54 a harin da aka kai arewacin ƙasar nan, a yankin gandun dajin W. Kowane ɗaya daga cikinsu ya bar uwa, ko mata, ko marayu, wasu ma a unguwanninmu suke. Girmama jarumi ba ya ƙarewa a ajiye fure sau ɗaya a shekara. Yana cikin kwanon abincin da aka aika gidan gwauruwar soja, da kuɗin makarantar da aka biya wa marayansa, da gaisuwar da aka kai wa tsohon soja da ke zaune shi kaɗai a ƙofar gida.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya kare mu daga zalunci da taimakon azzalumi, Ya ba mu ikon riƙe amanar waɗanda suka gabace mu.