Taƙaitaccen Tarihin Marigayiya Johanna Veenstra (1894–1933)

A wannan biki na cika shekara 50 ya kamata mu tuna da baiwar Allah wadda ta hau duwatsun ƙasar Takum da ƙafarta domin bishara.

An haifi Johanna Veenstra ran 19 ga Afrilu 1894 a Paterson, Jihar New Jersey ta Amurka. Mahaifinta kafinta ne wanda ya zama fasto daga baya, ya kuma rasu tana 'yar shekara biyar. A 1915 ta ji Dokta Karl Kumm, wanda ya kafa mishan ta SUM, yana magana a kan ƙabilun ƙasar Sudan, wato yankinmu ke nan, sai ta ba da kanta. Dokar mishan ta hana aika wanda bai kai shekara 25 ba, saboda haka ta jira, ta koyi aikin ungozoma. Ta iso Legas a farkon 1920, a 1921 kuma aka zaunar da ita a Lupwe kusa da Takum, cikin Jihar Taraba ta yau.

A lokacin nan yawancin Kuteb suna zaune a bisa duwatsu, inda kakanninsu suka hau domin tsira daga mahara masu kama bayi. Wanda yake so ya gan su dole ya hau. Inda akwai turba takan tafi da keke; inda turba ta ƙare sai a bar keken, a bi sawun masu dako, a ratsa dogayen ciyayi, a ƙetare rafuka, wani lokaci da damina ruwa ya cika. Takan yi kwanaki tana rangadi, ta kwana a bukkar da aka ba ta, ta gaida dattawa tukuna, ta wanke gyambo, ta taimaki mata masu naƙuda, kana ta yi wa'azi da Hausa wani yana juyawa. Mu da muke gunaguni in mota ta makara ran Lahadi sai mu auna wannan.

Ba a karɓe ta da sauri ba. Mutane suna da addininsu na gargajiya, ba su kuma ga dalilin amincewa da baƙuwa ba, balle mace marar aure. Sai ta buɗe makarantar kwana da ɗakin magani a Lupwe, ta koyar da samari karatu, su kuma suka koma ƙauyukansu da bishara. Ta nace kada a dogara ga kuɗin Turawa: masu bi su gina ɗakin sujadarsu, su ciyar da mai bishararsu. A ganinmu wannan ne babban aikinta.

Ikilisiyarta ta Christian Reformed ba ta ɗauki nauyin aikin ba a zamaninta, gama a 1920 ta zaɓi ƙasar Sin. Sai a 1940 ta karɓi Lupwe. Johanna ba ta ga ranar ba. An yi mata tiyata a asibitin mishan na Vom, ta huta ran Lahadi 9 ga Afrilu 1933, saura kwana goma ta cika 39, shekara guda bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa. Kabarinta yana Vom. Nelle Breen, wadda ta zo taya ta aiki a 1930, ta ci gaba a Lupwe. Daga wannan aiki ne CRCN da RCCN suka fito, makarantar horar da fastoci ta Donga kuwa tana ɗauke da sunanta.