Likita Cicely Williams, Mai Ceton 'Ya'yan Talakawa

An haifi Cicely Williams a tsibirin Jamaika ran 2 ga Disamba, 1893. Ta yi karatun likita a Jami'ar Oxford ta Ingila, a zamanin da mata likitoci ba su da yawa, ta gama a 1923. A 1929 aka turo ta aiki ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yanzu.

A can ne ta lura da wata cuta da ke kashe yaran da aka yaye. Sai ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja, fata ta riƙa saɓulewa. Maimakon ta tsaya ga littattafan Turai, sai ta zauna da iyaye mata da ma'aikatan jinya tana tambaya. Ta gano cewa yawancin yaran kunun masara zalla ake ba su bayan an cire su daga nono. Ta bayyana cutar a rubuce a 1933, a 1935 kuwa ta kira ta da sunan da ƙabilar Ga ke kiranta, kwashiyoko, watau ciwon yaron da aka yi wa ƙane. Waɗansu manyan likitocin Ingila suka yi mata musu, amma daga baya duniya ta karɓi maganarta. Wannan darasi ya shafi manoman Gozaki da Funtuwa da Malumfashi, inda masara ke cika rumbu: ƙoshin ciki dabam, gina jiki dabam. Kunun yaye yana bukatar gyaɗa, ko wake, ko nonon shanu.

A 1936 aka mayar da ita Malaya. Nan ta tarar kamfanonin madarar gwangwani suna tura 'yan talla cikin kayan ma'aikatan jinya, suna ruɗin mata su bar shayarwa, jarirai kuwa suna ta mutuwa. A 1939 ta yi jawabi a birnin Singafo, ta kwatanta irin wannan talla da kisan kai. Da Japan ta ci Singafo a 1942 aka tsare ta, ba ta fita ba sai 1945.

A 1948 ta zama shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro na Hukumar Lafiya ta Duniya. Allah ya ja kwananta har ta ga hukumar ta kafa ƙa'idojin tallar madarar jarirai a 1981. Ta rasu a Oxford ran 13 ga Yuli, 1992, tana da shekara 98.

Tarihinta bai nuna cewa 'yan kasuwa ba su da amfani ba. Wani kamfanin Faransa, Nutriset, tare da masu bincike, shi ya fito da abincin nan na gyaɗa da madara, Plumpy'Nut, a 1996, wanda aka ceci dubban yara masu tamowa da shi a Maraɗi a 2005, uwaye na ba su a gida. Bambancin a fili yake: wancan ya raba uwa da ɗanta don riba, wannan ya ƙarfafa hannunta. Da wannan ma'auni ya kamata ma'aikatanmu su auna kowace yarjejeniya da kamfani, da kowace sabuwar na'ura, kafin su sa hannu.