Alois Alzheimer

Alois Alzheimer (14 ga Yuni, 1864 – 19 ga Disamba, 1915) likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan ƙasar Jamus. Shi ne ya fara bayyana cutar mantuwa da ake kira da sunansa, bayan ya nuna cewa akwai lalacewar da ake iya gani da ido a cikin ƙwaƙwalwar mai fama da ita.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Marktbreit da ke jihar Bavariya. Ya yi karatun likita a jami'o'in Berlin da Tübingen da Würzburg, ya kammala a shekarar 1887. A 1888 ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali da farfaɗiya na birnin Frankfurt, inda ya haɗu da Franz Nissl, masanin rina yankan ƙwaƙwalwa domin a duba shi a na'urar hangen ƙananan halittu. Ya auri Cecilie Geisenheimer, suka haifi 'ya'ya uku kafin ta rasu a 1901.

Auguste Deter

A ranar 25 ga Nuwamba, 1901, aka kawo wata mata mai suna Auguste Deter asibitin, tana da shekara 51. Tana mance abin da aka faɗa mata yanzu-yanzu, tana ɓacewa a cikin gidanta, tana kuma zargin mijinta ba tare da dalili ba. Alzheimer ya rubuta hirarsu dalla-dalla, kuma ya mai da hankali sosai ga harshenta. Idan kalma ta kuɓuce mata sai ta kewaya, kamar yadda ta kira kofi da abin zuba madara. In an ce ta rubuta sunanta, takan tsaya a tsakiya ta mance abin da take yi. Waɗannan bayanai suna da daraja ga masu nazarin harshe ma, domin sun nuna yadda kalmomi ke zubewa tun mutum yana sane da amfanin abin da ke gabansa.

Alzheimer ya bi Emil Kraepelin zuwa Munich a 1903, amma bai daina bibiyar matar ba. Da ta rasu ranar 8 ga Afrilu, 1906, aka aika masa ƙwaƙwalwarta. Ya tarar ta motse, sannan ya ga abubuwa biyu: wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zare-zare da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin. Ya gabatar da sakamakon a taron likitoci a Tübingen ranar 3 ga Nuwamba, 1906, ba wanda ya yi masa ko tambaya ɗaya. Kraepelin ne ya laƙaba wa cutar sunansa a littafin da ya fitar a 1910.

Rasuwa

A 1912 aka naɗa shi farfesa a Breslau, wadda yanzu take ƙasar Poland da sunan Wrocław. Rashin lafiya ta kama shi tun a hanyar zuwa, kuma bai sake samun cikakkiyar lafiya ba. Ya rasu yana da shekara 51, aka binne shi a Frankfurt kusa da matarsa.

Abin da aka gano bayansa

Alzheimer bai san daga ina dunƙulen suke fitowa ba. Sai a 1984 George Glenner da Caine Wong suka ware furotin ɗin da ke taruwa, wato beta-amiloyid. Guntu ne na wani babban furotin mai suna APP da ke zaune a fatar ƙwayar jijiya. Wasu enzaim guda biyu, beta-sikiritas da gama-sikiritas, su ke yanka shi kamar almakashi, kuma idan yankan ya fitar da guntu mai danƙo da yawa sai ya taru ya cutar da mahaɗar da saƙo ke bi daga wata ƙwaya zuwa wata.

Matsalar ita ce gama-sikiritas ba APP kaɗai yake yankawa ba. Yana yanka wasu furotin masu karɓar saƙo, irin su Notch da EphA4, kuma guntun da ke fita daga EphA4 yana taimakawa wajen gina mahaɗan da tunawa ta dogara da su. A 2010 aka dakatar da gwajin maganin semagacestat, mai toshe wannan enzaim, saboda marasa lafiyar da suka sha shi sun ƙara taɓarɓarewa. Har yanzu masana na muhawara a kan ko tarin amiloyid shi ne tushen cutar ko ɗaya ne daga cikin dalilanta.

A ƙasar Hausa akan kira irin wannan hali gigin tsufa, a bar mutum a gida ba tare da an kai shi asibiti ba. Sunan yana ɓoye abin da Alzheimer ya nuna, domin matar da ya duba ba ta kai shekara 56 ba ta rasu. A Najeriya, binciken da aka fara a Ibadan da Indianapolis a 1992 ya gano cutar a tsakanin tsofaffin Yarabawa, ko da yake yawanta bai kai na baƙaƙen fatar Amurka da aka kwatanta su da su ba.